A Koya wa Yara Auna Wuta da Hayaƙi

Wata rana na tambayi ɗalibaina a nan Jalingo ko akwai wanda ya san yawan wutar lantarkin da gidansu yake sha a wata. Aji ya yi tsit. Da na tambayi kuɗin katin waya kuwa, kowa ya ɗaga hannu. Ya ku ɗalibai, wannan shiru shi ne dalilin rubutuna. A ganina, ya kamata kowace makaranta ta koya wa yaro auna wutar da yake ƙonawa da hayaƙin da yake fitarwa, kamar yadda take koya masa auna tsawo da nauyi. Wanda bai san awo ba, ba zai iya tattali ba.

Awon ba shi da wuya. A jikin kowane ƙwan lantarki an rubuta ƙarfinsa da ma'aunin da ake kira wat. Idan wat dubu ya yi aiki na awa ɗaya, an sha yunit ɗaya a mita. Tsohon ƙwai mai wat 60, in aka kunna shi awa biyar kullum, zai sha yunit 9 a kwana talatin. Ƙwan zamani mai wat 9 yana ba da haske kusan iri ɗaya, amma ko yunit ɗaya da rabi ba zai sha ba. Yanzu ku ƙirga ƙwayayen da ke gidanku, ku haɗa da fanka da dutsen guga, ku ga abin da iyayenku suke biya.

Idan aka ɗauke wuta, sai unguwa ta cika da ƙarar janareta. Kowace lita ta fetur da ta ƙone tana sakin iskar kabon kimanin kilo 2.3. Gidan da ke ƙona lita biyu kowane dare yana tura kilo 138 sama a wata, wato kusan nauyin buhun siminti uku. Ido ba ya ganin wannan iska, amma tana taruwa a sararin samaniya, tana riƙe zafin rana. Wannan ne tushen ɗumamar yanayi. Ga kuma tsadar man, tun da aka cire tallafinsa a watan Mayun 2023.

Sai maganar murhu. Duk wanda ya bi hanyar Mutum Biyu ya ga buhunan gawayi jere a bakin titi. Kowane buhu bishiya ce da aka sare. Jihar Taraba tana alfahari da dazuzzukanta, har da gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda ya fi kowane gandun daji na ƙasa girma a Nijeriya. Amma mun ga yadda masu sarar madobiya, wadda ’yan katako suke kira madrid, suka yi wa dazuzzukan jihar ɓarna cikin ’yan shekaru. Yarinyar da ta ƙirga buhunan gawayin da gidansu yake ci a shekara za ta gane amfanin rufe tukunya, da jiƙa wake kafin a dafa, da kashe wuta da zarar an sauke girki.

Wani zai ce: "Mu da wutar ma ba ta ishe mu ba, me za mu rage? Ai ƙasashe masu arziki ne suka ɓata iskar duniya." Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Iskar kabon da Ba'amurke ɗaya yake fitarwa a shekara ta ninka ta ɗan Nijeriya fiye da sau goma. Kuma har yau ba a gina tashar lantarki ta Mambila da aka daɗe ana yi mana alkawari ba. Ban ce a kwana cikin duhu ba, kuma ban ce a hana ɗalibi fitilar karatu ba. Almubazzaranci nake so a rage. Kuɗin da ya tafi a ƙwan da aka bari a kunne da rana daga aljihunmu ya fita. Bishiyar da aka sare inuwarmu ce, kuma hayaƙin murhu ƙirjin iyayenmu mata yake shiga.

A shekarar 2021, a taron birnin Glasgow, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin cewa kafin 2060 Nijeriya ba za ta fitar da kabon fiye da wanda za ta iya shafewa ba. Mu malamanku da wuya mu ga wannan shekara. Ku ne za ku kasance manyan ƙasa a lokacin, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Saboda haka ku samu littafin rubutu ɗaya. Kowace Asabar ku rubuta lambar da mita ta nuna, da litocin man da aka saya, da gawayin da aka ƙona. Bayan wata guda ku zauna da iyayenku cikin ladabi, ku nuna musu lissafin, ku zaɓi abu ɗaya da gidan zai rage. Sa'an nan ku sake aunawa a wata mai zuwa, ku kawo sakamakon aji.