Allurar da ke daɗewa a jiki, amma ba ta jure zafin Roxy

Majinyacin da likita ya rubuta wa allurar Pegasys ko Neulasta a asibitin CHU na Treichville yakan fara da tambayar farashi, daga nan wani ya raɗa masa cewa a kasuwar Roxy ta Adjamé za a samu da araha. Kafin ya hau gbaka, yana da kyau ya san irin abin da ke cikin kwalbar.

Waɗannan magunguna furotin ne, irin wanda jiki ke yi da kansa. Matsalar furotin ita ce ba ya daɗewa a jini: ƙoda ta tace shi, sinadaran jiki su daddatse shi. A 1977, Frank Davis da Abraham Abuchowski na jami'ar Rutgers a Amurka suka nuna cewa idan aka ɗaura masa wata doguwar sarƙar sinadari mai suna PEG, sarƙar tana jawo ruwa ta lulluɓe shi kamar bargo. Ya ƙara girma, ƙoda ba ta saurin fitar da shi, garkuwar jiki ma ba ta saurin gane shi. Magani na farko da aka haɗa ta wannan hanya, Adagen, ya samu izini a 1990.

Ribar a fili take. Allurar intaferon ta ciwon hanta, da ake yi sau uku a mako, ta koma sau ɗaya. Mai jinyar kansa da a da ake tsira wa allura kullum don farfaɗo da fararen ƙwayoyin jininsa, yanzu allura ɗaya kan ishe shi a kowane zagayen magani. Ga ɗan kasuwar da kowace tafiya asibiti ke cinye masa wuni da kuɗin mota, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Bargon yana rage kaifin maganin, amma daɗewar da yake yi ta cike giɓin. Akwai kuma mutanen da jikinsu ke yaƙar PEG ɗin kansa, shi ya sa allurar ke buƙatar idon likita.

Abin da sarƙar ba ta magance ba shi ne zafi. Dole a ajiye waɗannan allurai a sanyi tsakanin digiri 2 da 8. Idan suka sha rana, furotin ya warware, kuma ba lalle ne ido ya ga bambanci ba. Ana yawan maganar jabun magani a Roxy, inda hukumomi suka sha kai samame, amma a nan ko na gaskiya ne, wuni a kan tire ya isa ya raunana shi. Haka ma kwalin da ake ba direba a tashar Adjamé ya kai wa ɗan'uwa a Maraɗi ko Kano. Niyyar mai kyau ce, sai dai ƙanƙarar ta narke tun kafin a ƙetare iyaka.

Masu ciwon hanta nau'in C sun samu mafita: tun fitowar sofosbuvir a 2013, ƙwayoyin sha suka maye gurbin allurar, kuma ba sa buƙatar firji. Masu kansa da masu wankin ƙoda har yanzu suna dogara da sanyi.

A ganina, binciken da ya fi shafar yankinmu shi ne na Heather Maynard a jami'ar UCLA. Tawagarta na haɗa sarƙoƙi daga trehalose, wani sukari da ke kare wasu halittu a lokacin fari, kuma ta nuna suna kare furotin daga zafi, har da insulin. Aikin yana ɗakin gwaji tukuna. Kafin ya iso kantunan magani na Abidjan, mai sayen allura ya tambayi mai farmasi inda ya ajiye ta, da abin da yake yi idan wuta ta ɗauke.