Tunani ma ciwo ne, kuma a jiki yake sauka

Bahaushe kalma ɗaya yake da ita ga tsokar nan da ke bugawa a ƙirji da kuma mazaunin fushi da tsoro da ƙauna, wato zuciya. Ita ce ke ɓaci, ita ce ke tsinkewa, ita ce ke karaya, kuma ita ce likita ke kasa kunne ya saurari bugunta. In tsoro ya zo sai a ce gaba ya faɗi, in mugun labari ya iso sai a ce jiki ya mutu, in mace ta rame bayan rasuwar ɗanta sai a ce tunani ne ya cinye ta. Ɗalibin da ya yi boko, da Faransanci ne ko da Turanci, an koya masa ya raba jiki daban, hankali daban, saboda haka yakan ɗauki waɗannan maganganu a matsayin adon harshe kawai. A wannan gaɓa kuwa harshen ya fi rabe-raben nan kusa da gaskiya, kuma rashin yarda da hakan yana jawo wa marasa lafiya asara.

A dubi jihar Maradi. Tun daga 2019 dubban mutane suka tsallako iyaka daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, suna gudun ƴan bindiga masu kore shanu da satar mutane don kuɗin fansa. Ƙauyukan Gidan Rumji da na Madarunfa suka karɓe su, daga baya aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Cadakori da Ɗan Daji Makau. A jihar Diffa ma tun harin Bosso na watan Fabrairun 2015 jama'a ke fama da gudun hijira. Yawancin waɗannan bayin Allah ba su da tabon harsashi a jikinsu. Abin da suke kawowa gidan likita shi ne ciwon kai da ba ya jin magani, da zafin ƙirji, da faɗuwar gaba, da ciwon ciki, da rashin barci, da kasalar da ke hana mutum ɗaukar fartanya. A yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, a ga babu. A ba da farasitamol, a ce a je a huta. Bayan mako biyu mara lafiyar ta dawo da kukan da ta zo da shi, har ma'aikaci ya fara zargin ko son magani ne kawai ke kawo ta. Ba wanda ya tambaye ta abin da ta gani a daren da ta baro garinsu.

Abin da ke faruwa a jikinta sananne ne tun fiye da shekara ɗari. A 1915 masanin aikin jiki Walter Cannon, ɗan Amurka, ya bayyana yadda tsoro ke shirya dabba ko mutum don faɗa ko gudu. Wani ɗan sashe a can cikin ƙwaƙwalwa, mai suna amigidala, shi ne mai gadi. Da ya hango haɗari sai saƙo ya tafi ga wasu ƴan ƙullutai biyu da ke zaune a kan ƙoda, su kuma su zuba sinadarin adirenalin cikin jini, daga baya kotizol ya biyo. Nan take bugun zuciya ya ƙaru, hanyoyin jini na fata da na ciki su tsuke, hanta ta saki sukari, narkar da abinci ya dakata, barci ya ƙaurace wa ido. Wannan shiri rahama ne: shi ne ya ba tsohuwa ƙarfin goya jika ta ratsa daji cikin duhu. Amma an gina shi ne don mintoci ko sa'o'i, sannan ya lafa. Matsalar tana tasowa idan haɗarin ya ƙi wucewa, ko ya wuce amma mai gadin ya ƙi yarda. Ƙarar babur a bayan gida ta isa ta tayar da shi, domin a kan babura maharan suka zo.

A 1936 Hans Selye ya nuna a jikin ɓeraye cewa wahala mai tsawo, ko wace iri ce, tana kumbura ƙullutan nan na kan ƙoda, tana ƙanƙantar da gaɓoɓin garkuwar jiki, tana kuma huda tumbi. Binciken da aka yi a kan mutane daga baya ya bi wannan sawu. A 1991 Sheldon Cohen da abokan aikinsa suka ɗiga ƙwayoyin cutar mura a hancin masu sa kai kusan 400 a Ingila, sai aka ga gwargwadon damuwar mutum gwargwadon saurin kamuwarsa. A 1995 Janice Kiecolt-Glaser ta gwada warkewar ɗan ƙaramin rauni a hannun matan da ke jinyar danginsu masu ciwon mantuwa, raunin nasu ya ɗauki kusan kwana 9 fiye da na sauran mata kafin ya rufe. A ranar girgizar ƙasar da ta auka wa birnin Los Anjelas a watan Janairun 1994, mutum 24 zuciyarsu ta tsaya farat ɗaya, alhali a ranakun da suka gabata ba a cika wuce biyar ba. Wanda ya ce baƙin ciki ya kashe wane, ashe ba koyaushe yake zuguiguita magana ba.

Abin ya fi muni ga yara. A 1998 Vincent Felitti da Robert Anda suka wallafa sakamakon farko na wani bincike da a ƙarshe ya haɗa manya fiye da 17,000 a birnin San Diyego, inda aka tambaye su irin wahalar da suka sha suna ƙanana: duka, cin zarafi, ganin ana dukan uwa, zama da mashayi a gida. Waɗanda suka haɗu da iri huɗu ko fiye sun ninka sauran sau da yawa wajen shaye-shaye da ciwon damuwa da yunƙurin kashe kai, kuma haɗarin ciwon zuciya a gare su ya kai kusan ninki biyu. Wani kaso na wannan ta hanyar sinadaran jiki yake bi, wani kuma ta hanyar abin da mutum ke kamawa don ya kashe wutar da ke cinsa. Saurayin da ya ga an harbe mahaifinsa, yau kuma yana haɗiyar taramol don ya iya yini a kan aiki, ana kiransa ɗan iska, ba a cika tambayar daga ina abin ya faro ba.

Sai dai a yi hattara da wuce gona da iri, domin akwai masu jin wannan bayani su mayar da kowane ciwo tunani. Shekaru da dama likitoci sun ɗora wa damuwa alhakin gyambon ciki, wanda jama'a ke kira olsa, har sai da Barry Marshall da Robin Warren na Ostareliya suka nuna a farkon shekarun 1980 cewa wata ƙwayar cuta ce ke haddasa mafi yawansa, kuma ana kashe ta da magani. Macen da ke kukan jiri da faɗuwar gaba tana iya kasancewa jininta ne ya yi ƙasa, ko hawan jini ne ya kama ta. Dole a auna, a gwada. Haka kuma ba duk wanda ya ga tashin hankali ne ke kwantawa ba. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar a wuraren da ake rikici yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, daga mai sauƙi zuwa mai tsanani. Adadi ne mai yawa, amma yana kuma nufin mafi yawan mutane suna miƙewa, musamman idan sun sami aminci da abinci da dangi a kusa.

Ga wanda bai miƙe ba, abin da ya fi ji daga bakin jama'a shi ne a yi haƙuri. Haƙuri ginshiƙi ne a tarbiyyar Bahaushe, kuma shi ke riƙe mutane da yawa a ranar da komai ya kuɓuce. Amma sau da yawa mai cewa a yi haƙuri rufe zancen yake son yi, don shi kansa nauyin labarin ya fi ƙarfinsa. A haɗa da kunya, da karin maganar nan da ke cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, sai a sami mace da aka yi wa fyaɗe a hannun masu garkuwa ta shekara uku ba ta furta wa kowa ba, cikin nata kuwa yana ta ciwo. Addini bai nemi wannan shirun ba. Annabi Yaƙubu, wanda ake buga misali da haƙurinsa, baƙin cikin rabuwa da Yusufu ya taɓa masa gani, kuma ba a ƙidaya hakan cikin raunin imani ba. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman tarihi shekarar baƙin ciki suke kiranta, ba su ɓoye sunan ba.

Akwai kuma tsoron kalmar hauka. Da zarar an ambaci likitan ƙwaƙwalwa sai dangi su ja da baya, don kada a ce gidansu akwai taɓin hankali, ƴan matan gidan su rasa manema. Sai a fi son a ce iska ce ko sammu, domin wannan ba ya ɓata sunan zuriya. Addu'a da tofi suna kwantar da hankalin mai imani, ba a musun wannan. Kuskuren shi ne a tsaya nan, mai firgita cikin barci ya yi shekaru ana yi masa hayaƙi, ko ya koma ga mai tallar magani a faranti ya sayi diyazefam. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta gargaɗi ma'aikata da kada su ba da irin wannan ƙwaya don firgicin makonnin farko bayan mummunan abu, saboda ba a ga shaidar tana warkarwa ba, ga kuma haɗarin sabo.

Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijar ƙalilan ne, kuma akasarinsu a manyan birane suke, saboda haka jiran su iso kowane ƙauye jiran gawon shanu ne. Zimbabuwe ta fuskanci irin wannan ƙaranci. A harshen Shona suna kiran larurar kufungisisa, ma'ana yawan tunani, kusan daidai da yadda Bahaushe ke faɗi. Wajen 2006 likita Dixon Chibanda ya fara horar da tsofaffin mata a birnin Harare, ana ajiye musu benci a harabar ƙananan asibitoci. Mai damuwa ya zauna da kaka har sau shida, ta saurare shi, su zaɓi matsala ɗaya daga cikin tulin da ke kansa, su tsara yadda zai tunkare ta. Gwajin da aka wallafa a 2016, mai mutane fiye da 500, ya nuna bayan wata shida waɗanda suka zauna a bencin sun fi waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba samun sauƙi nesa ba kusa ba.

Ƙasar Hausa ba ta rasa irin waɗannan kakanni ba. Akwai ungozoma da ke shiga kowane ɗaki, akwai malamar Islamiyya, akwai limamin unguwa, akwai ma'aikacin ɗakin shan magani na ƙauye. Horon da suke bukata bai kai na likita ba: su iya tambaya ba tare da tilasta wa mutum ya tono abin da bai shirya faɗi ba, su riƙe sirri, su kuma gane wanda ya kamata a miƙa gaba da gaggawa, kamar mai zancen kashe kansa ko wadda ta daina shayar da jaririnta. Ma'aikacin da ya gama auna jinin matar nan ta Garin Kaka yana iya ƙara tambaya biyu kafin ya rubuta magani, yaya barcinta, kuma tun yaushe ciwon kan ya fara. Sau da yawa za ta ba shi amsa da watan da aka shiga garinsu.