Alƙalaminka Ba Na Tallan Dillalan Forex Ba Ne

'Yan uwa marubuta. Maganar wannan makon da mu nake yi.

Wasu daga cikinmu sun koma rubuta wa ƙananan dillalan forex na intanet talla da Hausa mai daɗi, ana biyansu kamisho a kan duk wanda ya yi rajista ta hannunsu. Wannan cin amanar mai karatu ne.

A wajen dillalan nan ba zinari kake saya ba, ba dala ba. Yarjejeniya ce kan hawa da saukar farashi. Da yawansu za su karɓi kuɗinka cikin minti guda ba tambaya, sai ka zo cirewa a ce sai an tantance ka: katin NIN, hoton fuskarka, da takardar wuta ko ta banki ta watannin nan mai ɗauke da sunanka da adireshinka. Matashin da ke zaune gidan gandu a ƙauyen Kudan ko Ikara, gida ba lamba, takardar wuta in ma akwai da sunan kakansa take, ina zai samo ta? In a NIN Muhammadu ne, a BVN Mohammed, magana ta ƙare. Tantancewa ba laifi ba ce. Jinkirta ta sai kuɗi ya shiga hannu, shi ne zalunci.

Ga kuma yankan da talla ba ta faɗa: tazarar farashin saye da na sayarwa, kuɗin kwana in ciniki ya wuce dare, canjin naira zuwa dala, da kuɗin cirewa. Wasu su ce asusun Musulunci ne ba riba, sannan su dawo da cajin da wani suna. A 2018 hukumar kula da kasuwannin kuɗi ta Turai ta ce kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na ƙananan masu irin wannan ciniki asara suke yi.

Dillalin rake a kasuwar Makarfi ka san gidansu, ka san la'adarsa, in ya cuce ka akwai sarkin kasuwa. Wanda ya yi rajista a tsibirin Saint Vincent fa, wa za ka kai wa ƙara? Da CBEX ta rufta a Afrilun 2025, cewa aka yi mutane su ƙara biyan dala 100 ko 200 kuɗin tantancewa kafin su ga nasu. Kuma dokar zuba jari ta 2025 ta haramta gudanar da irin wannan harka a Najeriya ba rajistar hukumar SEC.

Za ka ce data sai da kuɗi. Gaskiya ne. Amma kamishonka daga kuɗin tumatir da raken maƙwabcinka yake fitowa, kuma ba sunan kamfanin ya yarda da shi ba, sunanka ne. In za ka yi rubutu a kai, nemi rajistarsu a jerin SEC, lissafa wa mutane kowane caji, faɗa musu takardun da za a nema kafin su tura ko sisi. In ba za ka iya ba, ajiye alƙalamin.