Wa Ya Ce Ba A Canza Man Giya?

Jama'ar Ƙofar Ran, akwai wata magana da ta zama ruwan dare a garejojinmu: wai man giyar atomatik ba a taɓa shi, in ka canza, giya ta mutu. Mu dai ba mu yarda ba, domin maganar nan ta cinye jarin magidanta da yawa.

Man nan shi ke sauya giya, shi ke sanyaya ta, kuma zafi ke kashe shi. Ku dubi zafin Bauchi a Maris da Afrilu, ga lodin buhuna daga kasuwar Muda Lawal, ga hawan hanyar Jos. Kamfanin Toyota ma, da ake cewa mansa ba ya tsufa, ya rubuta cewa motar da ke jan kaya masu nauyi a sauya mata a mil 60,000, kusan kilomita 96,000. To ina ga 'yar Kwatano da ta gama aiki a Amurka, wataƙila ma an juya mitarta baya?

Mun san inda tsoron ya samo asali. Mutum zai bar mai har ya yi baƙi, giya ta fara fizga, sannan ya ruga a canza. Bayan mako guda ta tsaya, sai a ɗora wa sabon mai laifi, alhali ta riga ta ci kanta tun tuni.

Gwajin ba wuya. Ɗiga man a farar takarda. Ja garau, lafiya lau. Ruwan ƙasa, lokaci ya yi. Baƙi mai ƙauri, nemi ƙwararre, kada a wanke da inji, a tsiyaye a hankali a zuba sabo. Wadda ba ta da sandar gwaji, bakanike ya duba ta ƙasa.

Sannan ba kowane jan mai ba ne na motarka. Toyota na da T-IV da WS, Honda na da DW-1. Mai shagon da ya ce duk ɗaya ne, aljihunsa yake dubawa. Mu 'yan kasuwa ne, mun san araha ba ta ado.

Bakanikanmu, ku ji tsoron Allah: motar da aka miƙa muku amana ce, rayuka take ɗauka. Masu motoci kuma, kuɗin lita 4 na mai ba ya kama ƙafar kuɗin sabuwar giya. Duk wanda ya sayi tsohuwar mota, ya duba man tun ranar farko, ya rubuta lambar mita, kafin giya ta yanke masa a tsakiyar daji da iyali a ciki.