Daga teku zuwa Gulbin Maraɗi: wa ke fara jin labarin ruwa?

Manomin Madarunfa bai taɓa ganin teku ba, amma hatsinsa na da alaƙa da ita. Iskar damina daga tekun Atlantika take tasowa, ta gaɓar Legas da Kwatano. A watannin Yuni da Yuli, in ruwan tekun wajen ya yi sanyi, galibi hadari kan hauro arewa ya iso mu. In ya zauna da ɗumi, ruwa kan daɗe a kudu, mu nan ana ta kallon sama. Masana sun danganta farin 1973 da na 1984 da sauyin ɗumin tekuna.

To wa ke auna wannan ɗumin? Akwai jiragen ruwa na kasuwanci da na bincike masu ɗauke da na'urori. Suna auna zafin ruwa, gishirinsa da ƙarfin iska, kwamfutar jirgin ta haɗa su wuri guda ta tura ta tauraron ɗan Adam. Tun 1997, Faransa da Brazil da Amurka ke kula da shirin PIRATA, na'urorin da aka girke a tsakiyar Atlantika. Akwai kuma na shirin Argo, kusan 4,000, masu nutsewa har mita 2,000, su taso duk kwana 10 su aika abin da suka auna.

Irin waɗannan bayanai na cikin abin da cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD na Yamai ke dubawa kafin a fitar da hasashen damina kowace shekara. Amma a lura: hasashen na nuna inda lamari ya fi karkata ne, ko ruwa zai yi yawa, ko a samu tsaiko bayan shuka. Bai cewa ranar kaza ruwa zai sauka a Dan Issa ko Safo. Wanda ya ji ana tsoron tsaiko, dabara ita ce kada ya zuba irinsa duka a ruwan fari.

Inda gizo ke saƙa kuwa kusa ne da gida. Ruwan Gulbin Maraɗi, mai cika tabkin Madarunfa, daga Najeriya yake zuwa, ta madatsar Jibiya. Jirgin teku ba zai gaya mana ranar da gulbi zai cika ba. Wannan sai mutanen can sun sanar, hukumomi sun isar. Nijar da Najeriya sun sa hannu kan yarjejeniyar ruwan da suka yi tarayya a 1990, a Maiduguri aka yi. Ambaliyar 2024, da ta rusa gidaje da yawa a jiharmu, ta nuna amfanin gargaɗi da wuri.

Saboda haka ƴan uwa na Jibiya da Katsina, in kun ga gulbi ya kawo, ku bugo waya gida. Masu gonaki a fadama kuma, a riƙa sauraren bayanin yanayi kafin a fitar da iri. Allah ya ba mu damina mai albarka.