Jiran Laftof Ba Zai Rubuta Jinga Ba, Wayar Hannu Ta Isa a Fara

Akwai wani fayil da kusan kowane ɗalibin jami'a yake da irinsa a waya. An raɗa masa suna, an rubuta lambar kwas da sunan malami a sama, wani lokacin har da lambar rajista. Daga nan sai fari fat. An buɗe shi tun makon da malami ya bayar da jingar, yau ga shi an shiga mako na biyar, bai ƙaru da ko harafi ɗaya ba. Mai shi kuwa bai manta da shi ba. Yana tuna shi a kan mashin, yana tuna shi a wajen kallon ƙwallo, yana tuna shi da tsakar dare idan barci ya ƙi zuwa. Buɗewar ce kawai ba ya yi.

A ɗauki ɗalibin da ke zaune a Dutsen Abba, ɗaya daga cikin gundumomi 13 na ƙaramar hukumar Zariya, wanda kullum sai ya hau abin hawa ya shigo Tudun Wada don lakca a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, ko ya zarce har Samaru. Idan aka tambaye shi abin da ya hana shi fara rubutun, amsarsa a shirye take: ba shi da laftof, ta abokinsa yake jira. Babu wuta. Data ta ƙare. Kuma dai, a cewarsa, har yanzu bai ji kuzarin yin aikin ba.

Uku na farkon ba ƙarya ba ne, kuma bai kamata wanda ke zaune a ofis mai sola ya raina su ba. A watan Oktoban 2024 jihohin Arewa da dama sun shafe fiye da mako guda cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan wutar lantarki, masu shagon caji suka zama sarakuna. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Ɗalibin da ke lissafin kuɗin mashin da na abinci ya ji wannan ƙarin a jikinsa. Ga kuma aikin gona da damina, ga shago, ga aike-aiken gida, musamman ga ɗalibai mata.

Amma na huɗun, wato jiran kuzari, shi ne ainihin ciwon, sauran ukun riga ce yake sawa. Ga hujja da kowa a Zariya ya shaida. Ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta shiga yajin aiki ranar 14 ga Fabrairun 2022, ba ta janye ba sai 14 ga Oktoba. Wata takwas cur babu lakca, babu tes, babu kuɗin mota. Gaskiya ne malamai ba sa duba aiki a lokacin, amma babu wanda ya ƙwace wa ɗalibi biro ko waya. Duk wanda yajin aikin ya same shi da jinga ko babin kundin digiri a hannu zai iya tambayar kansa shafi nawa ya koma makaranta da su. Da a ce ƙarancin lokaci ne matsalar, da wannan shekarar ce aka fi kowace samun kundaye masu kyau.

Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun daɗe a kan wannan batu. A 2007 Piers Steel na Jami'ar Calgary da ke Kanada ya tattara sakamakon ɗaruruwan bincike kan ɗabi'ar jan ƙafa, inda ya kawo ƙiyasin cewa kashi 80 zuwa 95 cikin 100 na ɗaliban manyan makarantu suna yin ta. Wato ɗalibin Dutsen Abba ba shi kaɗai ba ne, har waɗanda ba su taɓa ganin an ɗauke wuta ba suna fama. A 2013 kuma Fuschia Sirois da Timothy Pychyl suka yi bayanin da ya fi kama hankali: mai jan ƙafa guje wa ɓacin rai yake yi. Da ya tuna da aikin sai ya ji fargaba, ko gundura, ko tsoron kada a ga gazawarsa. Sai ya buɗe TikTok, nan take zuciyarsa ta yi sanyi. Ƙwaƙwalwa ta koyi cewa gudu yana da daɗi, gobe sai ta sake. Bashin kuma yana can yana taruwa a kan mutumin da zai biya shi daren da za a miƙa aikin, wanda ba kowa ba ne illa shi kansa.

Idan haka ne, jiran kuzari jiran gawon shanu ne. Babu safiyar da ɗalibi zai farka ya ji yana marmarin rubuta shafi goma kan dokar mallakar ƙasa ko tsarin mulkin ƙananan hukumomi. Ɗan daɗin da ake ji yana zuwa ne bayan an ga sakin layi biyu sun tsaya da ƙafarsu a kan allo.

A nan ne maganar laftof ta zama tarko. Ɗalibai da yawa sun ɗauka aikin jami'a yana da wata alfarma da ba a fara shi sai an zauna a kan tebur, da kwamfuta a buɗe, da wuta, da shiru, da awa huɗu a jere. Wannan yanayi ba ya haɗuwa a gidan da ke da ƙanne shida da rediyo. Tun da sharaɗin ba zai cika ba, farawar ma ba za ta zo ba, kuma mutum ya samu uzurin da ba zai ji kunyar faɗa ba.

Alhali ƙaramin lissafi ya isa ya rushe uzurin. Jinga mai shafi goma, da tazarar layi biyu yadda malamai suka fi so, kalmomi ne wajen 2,500 zuwa 3,000. Wanda ya rubuta kalma 200 a rana zai gama cikin mako biyu. Kalma 200 kuwa ba ta kai abin da matashi ke rubutawa a zauren WhatsApp na ajinsu ba a daren da Arsenal ta sha kashi. Saƙon murya na minti biyar, irin wanda ake tura wa aboki ana musu, yana ɗauke da kalmomi sama da 500, kusan shafi biyu ke nan. Yatsun da bakin duk sun iya aikin, wurin da ake zuba shi ne ya bambanta.

Ta fuskar data ma, rubutu shi ne abu mafi arha a waya. Zallar kalmomi 3,000 ba su wuce kilobayit 20 ba, hoto ɗaya da aka ɗora a sitatus ya ninka su sau da yawa. Manhajar Google Docs tana da zaɓin ajiye fayil a cikin waya don a yi aiki ba tare da intanet ba, duk lokacin da aka kunna data sai ta aika da abin da aka ƙara. WPS Office da Microsoft Word na waya su ma suna buɗe fayil su adana babu netwok. Tecno ko Infinix ko itel ta talaka duk za ta ɗauka. Wanda babban yatsansa ke gajiya yana iya danna alamar makirufo a allon rubutu na Gboard ya yi magana, waya ta rubuta. Tun ƙarshen 2024 Google ta saka Hausa cikin harsunan da wannan tsari yake ji. Yana yin kurakurai, musamman idan akwai hayaniya, amma gyaran rubutu mai kuskure ya fi zaman kallon farin shafi sauƙi nesa ba kusa ba.

Wani zai ce ai ba a tsara aikin ilimi a waya: ina lambar shafi, ina jadawali, ina jerin manazarta? Wannan gaskiya ne, kuma a nan laftof ko shagon buga takardu ke da amfani. Sai dai tsarawa aikin awa biyu ne a ƙarshe. Tunani da zubo shi su ne aikin mako biyu. Ɗalibin da ya je wajen mai kwamfuta a bakin Kongo da rubutunsa a gama, gyara kawai zai biya. Wanda ya je hannu rabbana ana gobe za a karɓa, shi ne ake buɗe wa tsohon aikin wani a canza suna. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya fi wuya shi ne jimlar farko, don haka bai kamata a ba ta girman da ba ta da shi ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne farawa da gabatarwa, alhali gabatarwa tana bayanin abin da ba a riga an rubuta ba. Ya fi sauƙi ɗalibi ya kwafe tambayar malami a saman shafi, a ƙarƙashinta ya rubuta amsar da zai ba ƙaninsa idan ya tambaye shi, ko da Hausa ce, ko da gauraye da Turanci. Daga baya a mayar da ita harshen makaranta. Rubutun farko ba na malami ba ne, babu wanda zai gan shi. Kuma "zan fara jinga yau" ba shiri ba ne. Masanin nan Peter Gollwitzer ya nuna tun 1999 cewa niyyar da aka ɗaure da takamaiman lokaci da wuri ta fi cika. Mutumin Zariya ba ya buƙatar sabuwar manhaja don wannan, ranarsa a yanke take da lokutan salla. Bayan Asuba, kafin a fara neman abin karyawa, minti 25 a kan tabarma, waya a yanayin jirgin sama. Minti 25 ɗin nan shi ne ma'aunin dabarar Pomodoro da Francesco Cirillo ya ƙirƙira a ƙarshen shekarun 1980 da agogon kicin mai siffar tumatir. Babu wani sirri a lambar, ƙanƙantarta ce ke sa zuciya ta yarda.

Ita wayar, ba a wanke ta tas ba. Na'urar da za a yi rubutun a kai ita ce ke ɗauke da duk abin da ake gudu a faɗa. Yawancin wayoyin Android suna da sashen Digital Wellbeing a cikin saiti, masu iPhone kuma suna da Screen Time, duka tun 2018. Suna nuna awa nawa kowace manhaja ta ci, kuma ana iya sa wa TikTok ko Facebook iyaka ta rufe kanta. Dubawa sau ɗaya tana da amfani, domin lambar da mutum zai gani takan kashe maganar "ba ni da lokaci". Amma kada a yaudari kai: wanda ya sa makullin shi ke riƙe da mabuɗin. Kashe data gaba ɗaya ya fi tasiri, kuma ya fi arha.

Akwai kuma jan ƙafa mai kama da aiki, wanda ya fi kama ɗalibai masu ƙoƙari. Sauke takardu talatin daga Google Scholar, da leƙa rumbun Kubanni inda jami'ar ke ajiye kundayen ɗalibanta, da tara su a fayil, duk suna sa mutum ya kwanta yana jin ya yi wani abu. Uku da aka karanta aka rubuta layi biyar-biyar a kan kowace sun fi talatin da aka adana. Haka zuwa ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Samaru ko na Shugaba Kennedy a Kongo: zama a ciki da waya a hannu ana zagaya sitatus bai bambanta da zaman majalisa ba, sai dai fanka.

Sai babban mai ceton daren ƙarshe na wannan zamani, ChatGPT da 'yan uwansa. Tun fitowarsa a Nuwamban 2022 jan ƙafa ya samu sabon ƙarfin gwiwa, domin yanzu ɗalibi yana ganin ko ƙarfe biyun dare ya fara zai gama. Zai samu shafuka, babu musu. Amma waɗannan manhajoji an san su da ƙirƙiro sunan littafi da marubuci da shekarar da babu su a duniya, su jera su tsaf kamar gaske. Sannan ba su san abin da malamin ya faɗa a aji ba. Ranar da aka ce ɗalibi ya tashi ya kare abin da ya miƙa, ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi. Inda suke da amfani shi ne bayan mutum ya yi nasa rubutun: ya tambaye su inda hujjarsa ta yi rauni, ko su duba masa nahawu.

Malamai ma suna da nasu kason. Jingar da aka bayar a makon farko, ba a sake ambatonta ba sai ana saura kwana uku, gayyatar jan ƙafa ce. Ɗalibai sun kuma koyi cewa idan wakilin aji ya yi ta roƙo za a ɗaga ranar, don haka ranar farko ba ta tsorata kowa. Da malami zai ce a turo masa shafi ɗaya na tsarin aiki a mako na biyu, da yawa za su fara da wuri. Aji mai ɗaruruwan ɗalibai ba zai bar shi ya karanta duka ba, amma sanin cewa ana jira kaɗai yana motsa mutum.

A garin nan aka ga misalinsa. A 1936 aka ɗauko Abubakar Imam daga koyarwa a Katsina aka kawo shi Zariya, cikin kimanin wata shida ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku. Ana yawan ambaton hazaƙarsa, amma akwai abin da ake tsallakewa: yana da mai karanta masa. Yana rubutawa, Rupert East yana dubawa suna tattaunawa. Ɗalibin yau ba shi da East, amma yana da abokin da suke hawa mashin ɗaya daga Dutsen Abba. Su biyu za su iya yin alƙawari: kowa ya tura wa ɗan uwansa hoton allon abin da ya rubuta kafin sallar Isha'i, ko da layi biyar ne. Wanda bai turo ba, shi zai biya kuɗin mashin gobe.