A Rubuta Kiɗan Kalangu Da Zanen Da Ya Dace Da Shi

Daga Kasuwan Garba a ƙaramar hukumar Mariga har fadar Sarkin Sudan na Kontagora, kiɗa gado ne: ɗa yana koya a gindin uba, kunne ya ɗauka, hannu ya bi. Yau 'ya'yan makaɗa da dama sun kama wasu sana'o'i, kuma taken da ba a adana ba yakan bi mai shi kabari. A ganina lokaci ya yi da za mu rubuta kiɗanmu da kwamfuta, amma da zanen da ya dace da shi, ba da layuka biyar da Turawa ke rubuta kiɗa a kai ba.

An tsara layukan nan ne domin sautuka masu tsayayyen matsayi, irin na fiyano. Mai kalangu kuwa matse igiyoyin fata yake yi a hammata, sauti ya hau, ya sassauta, ya sauka, yana bin hawa da saukar muryar Hausa. Da haka ganga ke faɗin taken mahauta, har mai ji ya gane kalmomin. Ɗigo ɗaya a kan layi ba zai ɗauki wannan sulɓi ba. Su Turawan ma sun ga iyakar layukansu: Cornelius Cardew na Ingila ya rubuta Treatise tsakanin 1963 da 1967, shafi 193 na zane-zane. A 1970 James Koetting na Amurka ya yi amfani da jerin akwatuna wajen rubuta kiɗan gangunan Ghana, kowane akwati bugu ko shiru. Mu sai mu ɗauki akwatunan, mu ɗora lanƙwasasshen layi a sama domin matsi, kalmomin take a ƙasa.

Wani zai ce ai waya na naɗar sauti. Haka ne, amma naɗi ba ya koyarwa. Kaset-kaset ɗin Mamman Shata sun cika gari, sai dai mutum nawa ne zai saurara ya ware abin da kowane kalangu ke yi? Wani kuma zai ce rubutu zai daskarar da kiɗa. Ƙashin take kawai za a rubuta. Ado da kwalliya na hannun makaɗi ne.

Saura batun manhajojin rubuta kiɗa. Gaskiya ba don kalangu aka ƙera su ba, kuma a 2024 kamfanin MakeMusic ya daina sayar da manhajar Finale, ya bar masu amfani da ita da neman mafita. Shi ya sa ya kamata a zaɓi na kyauta irin LilyPond da MuseScore. Fayil ɗin LilyPond rubutu ne zalla da kowace kwamfuta ke buɗewa, kuma tana ba da damar zana layi yadda ake so.

Jami'ar Ilimi ta Tarayya da ke Kontagora na iya jagorantar aikin tare da masarauta. Sharaɗi ɗaya ne: makaɗan su zauna a tsara alamomin da su, a biya su, a sa sunan kowa a shafin takensa.